Minsharin maƙwabciyar Zulai

Laraba da dare, Aubervilliers, Faransa, Maris 2014

Yau na raka lauya gidan kaso, ni ce tafinta. Wata fursuna, Zulai, muka je gani. Namiji aka haife ta, a mace take rayuwa, amma ɓangaren maza aka kai ta. Da fursunonin suka fara dukanta, aka kulle ta ita kaɗai wata biyar, wai don a kare ta. Wancan zuwan ko gaisuwata ba ta amsa ba.

Yanzu an maida ta sashen mutum huɗu irinta. Na ce, "Ƙanwata, yaya sabon wuri?"

Ta taɓe baki. "Yaya, maƙwabciyata minshari gare ta kamar injin niƙa. Ban runtsa ba."

Har cikin jirgin ƙasa na metro murmushi nake. Alhamdulillahi, Zulai ta samu wadda za ta yi mita a kanta.