Ranar da Na Katse wa Baba Salla

Levenshulme, Manchester
14 ga Agusta, 2006

Zuwa ga Yaya Raki,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da Gwaggo da kowa a Sparkhill. Yaya ƙafar Gwaggo? Allah ya ƙara sauƙi. Mu duk lafiya lau.

Yaya, a waya ba zan iya faɗa miki wannan ba, kin san ni.

Ranar Asabar Baba ya kai ni da Mama bakin teku, tare da Malam Gimba, abokinsa na jami'a. Akwai wani tsohon jirgi da ya nitse can, sai ruwa ya janye ake ganinsa. Mun yi tafiya mai nisa a kan jiƙaƙƙen yashi kafin mu kai. Ƙarafansa sun fito kamar haƙarƙarin saniya, duk tsatsa da gansakuka. Ni kaɗai na shiga cikinsa, har na ga kaguwa.

A makaranta Malama Clara ta koya mana cewa ruwan nan da gudu yake dawowa. Na so in faɗa, amma na ji nauyin Malam Gimba.

Sai Baba ya ce a yi la'asar a nan. Alƙibla ta sa duk muka ba teku baya, ni da Mama a sahun ƙarshe. A raka'a ta biyu na ji sanyi a dugadugaina. Na tafa hannu, yadda mace ke yi wa liman. Baba ya zaci lissafi ya ɓace masa, ya zauna, ya miƙe. Na sake tafawa, ya sake zama!

Yaya, sai na sallame, na ƙwala ihu na ce ruwa.

Na ja su ta inda yashi ya fi tudu. Duk da haka ruwa ya kai mini gwiwa, takalmin Malam Gimba ɗaya ya tafi. Muka sake sallar kusa da mota.

Har muka iso gida ina zaton faɗa zan sha a wurin Baba. Da muka shiga sai ya dafa kaina, ya ce wa Mama shekara goma sha biyu yana zaune da ni, bai san ina da murya haka ba. Ya ce nan gaba kada in tsaya tafa hannu, in yi magana kawai.

Ba zan tsaya ba kuwa.

Ki gaishe mini da Gwaggo da ɗanta Muhsin.

Ƙanwarki,
Suweiba