Hadiza Ta Kifa Muduna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal, ya Hajiya da yara? Mu nan Funtua lafiya lau, ana ta girbin masara.

Maganar ɗiyarka ce, Hadizata. Tun da malamin Islamiyya ya ba su labarin sahabiyar da aka ɗora kan sa ido a kasuwar Madina, ta ce ita ma aikin duba awo za ta yi. Na yi murna, sai ranar kasuwa ta biyo ni rumfa, ta kifa muduna gaban masu sayen hatsi, ta ce an buge gindinsa, awon bai cika ba.

Yaya, wa ya nuna wa yarinya gindin mudu? Malamin nan fa ƙanin Alhaji Bala ne, mai rumfar da ke kallon tawa. Ko kuwa kai ne, da kuke ta waya kwanan nan? Kai kaɗai ka san mudun Baba ne, kuma haka na gaje shi.

A gaida Hajiya, a sa mu a addu'a. Mudu dai na sauya, amma yanzu buhunana take kallo.

Ƙaninka,
Lawal