Inuwar Magda a Kan Yashi

12 ga Afrilu

Zuwa ga 'yata Griet,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da mijinki da yaran, kuma tarin nan ya sake ki. Ni dai gwiwar ce, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa.

Albishirinki. Gidan tarihin garinmu zai yi baje koli kan rayuwar bakin teku, kuma ɗaki guda sukutum na hotunan shagonmu ne. Wata yarinya mai kula da wurin, Nele, ta zo ta kwashe akwatunan fim ɗin da ke ƙarƙashin bene. Sun tono tsofaffin rigunan wanka na ulu, har da sirdin jakinmu. Za a rubuta a bango da manyan baƙaƙe: Firmin Vanhee, mai hoto. Sai da na kai shekara tamanin da biyu garin nan ya gane yana da mutum.

Jiya na je gidan tsofaffi wurin mamanki Magda. Ta gane ni, ta kuma ci jatan landen da na ɓare mata. Da na ba ta labari sai ta ce, "Ka gaya musu su wanke hotunan a hankali, kada sama ta fito fari fat." Daga nan ta fara cigiyar mahaifiyarta, wadda muka binne kina goye. Likita ya ce ranakun da take cikin hayyacinta raguwa suke yi.

Ki zo ranar buɗewa. Ki gaida kowa.

Babanki,
Firmin

9 ga Mayu

Griet 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Na ji haushin rashin zuwanki, amma yanzu na gode da ba ki zo ba.

Kin san da hantsi ake ɗaukar masu wanka, teku a bayansu, rana a bayan mai hoto, saboda haka inuwarsa kan faɗo a gindin hoton. Kullum ni nake yanke ta a ɗakin wankin hoto kafin a ba mai shi. Su kuwa 'yan zamanin nan sun wanke fim ɗin yadda yake, ba su taɓa ko gefe ba. Hoto arba'in da ɗaya ne a bango. A talatin da shida akwai inuwar mace a kan yashi, gajeriya, da ɗankwali, ta sunkuyar da kai kan kyamarar da ta riƙe a saitin cikinta.

Staf mai soyayyen dankali, wanda bakinsa bai tsufa da shi ba, ya daka mini kafaɗa a gaban jama'a ya ce, "Firmin, ashe siket kake sawa a lokacin?" Aka yi dariya, tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Nele ba ta yi ba. Ta ja ni gefe ta ce, "Meneer Vanhee, wa ke riƙe da kyamarar?" Na ce mata matata ce tsaye tana riƙe mini jaka.

Ƙarya na yi, Griet. Ban taɓa iya hoto ba. In na ɗauki mutum, ko in gutsure masa kai ko in karkatar da teku. Ni baki ne nawa. Ina jan jaki, ina tsokanar tsofaffin mata har su yi dariya, da kyamara rataye a wuyana babu fim a ciki, mamanki kuwa tana gefe tana aikin ba mai kallonta. Hatimin da ake bugawa a bayan hoto na kakanki ne, Vanhee, haka na gada, haka na bari. Sau ɗaya ta roƙe ni a ƙara sunanta a gilashin shago, shekarar da aka haife ki. Na ce bari lokacin baƙi ya wuce. Ba ta sake tayar da maganar ba. Biyar ɗin da ba inuwa su ne nawa, kuma ko makaho ya san su suka fi muni.

Zan gaya wa Nele, in kai Magda ta ga sunanta tun tana iya gane shi. Sai dai ɗan jarida zai zo ranar Alhamis. A bar mini makon nan kawai.

Babanki

21 ga Yuni

'Yata,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta iso, ta yi zafi, kuma ba ki faɗi abin da ba haka ba. Mako ɗaya na ce, shida na ci. Bayan ɗan jarida sai 'yan makaranta, sai masu rediyo, kowa yana miƙo hannu, ni kuma ina karɓa.

Na dai faɗa daga ƙarshe. Nele ta kawo mai fenti. Yanzu bangon yana cewa Magda Loones, sunanta na gidan ubanta.

Ranar Talata na tura mamanki a keken guragu har ɗakin. Tun farkon watan nan Meneer take kirana, wato Malam, ta ɗauka ni ma'aikacin gidan ne. Ta daɗe a gaban hoton matar nan da ke matse gashinta, ruwa na gangara mata a gwiwar hannu. Na nuna mata bango, ta karanta sunan a hankali, harafi harafi. Na durƙusa na ce, "Ke ce, Magda. Duk naki ne." Ta yi mini murmushin da ake yi wa baƙo mai yawan surutu.

Can ta ce, "Matar nan tana da ido. Mijinta ya san ta iya haka?"

Na ce ya sani.

Ta ce, "To madalla. Ta yi dacen miji."

Na mayar da ita kafin lokacin shayi. Ki zo ki gani kafin su sauke a watan Satumba. In ba ki son sauka a gidana, ba zan ga laifinki ba.

Ki gaida yaran.

Babanki,
Firmin