Kyanwar Inna Ta Ƙi Cin Abinci

Yaya Nasir,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Bilkisu da yara. Ya ƙarin haƙurinmu?

Na ga saƙonka cewa tun da kuka kulle gidan Inna na Sabon Gari, kuka kawo kyanwarta wajenku Samaru, ta ƙi cin komai. Ba ciwo ba ne. Inna ba ta taɓa zuba mata a kwano ba. Zama take yi a tabarma da tuwonta, ta gutsura ta ci, ta gutsura ta ajiye mata kusa da ƙafarta. Ka gwada haka. Ba sai ka yi mata magana ba, ka dai zauna.

Ni lafiya lau nake a nan Alƙahira. Ina zuwa aji, ina dawowa. Har yau ban yi kuka ba, ban san dalili ba. Wadda muke ɗaki ɗaya tana da kirki, kullum sai ta rufe mini abinci a tebur kafin ta fita. In ta dawo takan same shi yadda ta bar shi.

Allah ya jiƙan Inna. In kyanwar ta ci, ka sanar da ni.

Ƙanwarka,
Naila