Haihuwar Mama Saratu

Lahadi, da dare.

Yau na sha kunya. Mako uku ina fama da ƙaton littafin nan na koyon Excel, manhajar tsara bayanai a kwamfuta, sai na ce bari zumuntar mata su san sun yi sakatariya. Na jera sunayen da ke cikin sanarwarmu ta coci daga A zuwa Z. Ashe sunayen kaɗai suka motsa, bayanan gefensu ba su bi su ba.

Fasto ya karanta yadda na ba shi: "Muna taya Mama Saratu murnar haihuwar ɗa namiji." Shekararta saba'in! Mai jegon gaskiya wata ce daban, a unguwar Kamazou. Mijinta kuwa ya miƙe yana ɗaga hannu, ana tafi.

Gargaɗin wannan kuskure yana shafi na gaba a littafin, ban kai ba.

A bakin ƙofa Mama ta riƙe hannuna: "'Yata, gobe ki kawo mini yaron nan nawa na Kamazou in gan shi."