Gurbin Muryar Babanka

Al Qusais, Dubai
Agusta, 2020

Zuwa ga ɗana Salmanu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, tare da addu'ar Allah ya ba ka lafiya, ya tsare ka daga wannan annoba. Yayarka Mariya tana nan lafiya, ta koma aikinta na asibiti, jaririn kuma ya fara zama. Ni ce dai jikin ba daɗi. Wankan jego na zo yi wa Mariya, korona ta rufe hanya, har aka binne babanka ina zaune a bene ina kallo ta waya. Majami'ar Jebel Ali da muke zuwa ran Juma'a ma an kulle ta. Na gaji, Salmanu, kuma barci ba ya raba ni da wannan gajiyar.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ka san tun kafin a haife ka babanka ke riƙe da babbar murya a ƙungiyar Maza Huɗu ta majami'armu a Wusasa. Daga wani tsohon kaset na mawaƙan Amurka suka koyi salon, suka zuba masa Hausa. A waƙarsu ta gidan sama akwai wurin da ukun ke tsayawa, shi kaɗai ya amsa daga can ƙasan ƙirjinsa cewa yana nan tafe. Ranar jana'iza da suka iso wurin, tsofaffin nan suka yi shiru suna jira, ba wanda ya amsa. Wayar da ake haska mini ta juyo wajenka, na ga leɓɓanka sun motsa, sannan ka sunkuyar da kai. Kada ka musa, idona bai mutu ba.

Baba Ɗalhatu, abokin waƙarsa, ya kira ni. Ya ce sun je har shagonka sun roƙe ka ka tsaya a gurbin babanka ranar sujadar tunawa da shi, kamar yadda suka saba idan ɗayansu ya rasu ya bar ɗa. Ya ce ka bar su a tsaye, ka ce ba za ka rera abin da ba ka tabbata akwai shi ba. Ba haka na tarbiyyantar da kai ba. Dattawa ba a barin su tsaye, kuma shakka ba ilimi ba ce. Da ina gida da ka ji sauran daga bakina.

Amma ba ni da ƙarfin jayayya da kai kan sama. Nan garin an gina duk abin da ido ke so, gilashi da fitilu har cikin gajimare, ban ga wanda ya huta ba. Ni hutun can nake sa rai, inda babanka ya riga ni. Idan ka ƙi, Baba Ɗalhatu ya ce za su ajiye waƙar gaba ɗaya, don ba ta yiwuwa da murya uku. Kai kaɗai ka gaji muryar. Ko tari ka yi a waya, shi nake ji.

Ka gaida Inna Mero da Zaituna da yaranta. Mariya da mijinta suna gaishe ka. Ranar zan zauna da wayar a hannuna. Na ji shirun nan sau ɗaya, kada ka sa in sake jin sa.

Mahaifiyarka,
Saratu