Waya Ɗaya, Gida Biyu

Daga: Hananiya Bulus,
Mai gyaran injin ban ruwa,
Bakin Kanal, Bunkure.
17 ga Maris, 2025.

Zuwa ga: Mai Girma Shugaban Kwamitin Gudanarwa,
Makarantar Sakandare ta Tauraron Gobe,
Bunkure, Jihar Kano.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SIFILIN DA MANHAJAR MAKARANTA TA BA 'YATA LINDA DA ZARGIN SATAR AMSA

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da kukana kamar haka:

1. Tun farkon wannan zango makaranta ta koma bayar da aikin gida da yin maki ta manhajar waya, don a rage wa malamai wahala. Ban ƙi ba. Na san yawan ɗaliban da ke wuyan malami ɗaya.

2. A layinmu kaf, ni kaɗai ke da babbar waya, saboda da ita manoma ke turo mini hoton injin da ya lalace. Maƙwabcina Malam Baballe, manomin tumatir, ƙaramar waya mai tocila gare shi. 'Yarsa Fa'iza ajinsu ɗaya da Linda. A nan wajenmu, yadda ake aron injin ban ruwa da galma haka ake aron waya. Idan Linda ta gama aikinta, sai Fa'iza ta shiga da sunanta ta yi nata.

3. Ranar Juma'a, 14 ga Fabrairu, yaran suka tura rubutu a kan noman rani, wanda shi ne babban aikin zangon. Da manhajar ta ga aiki biyu sun fito daga waya ɗaya, sai ta ba kowacce sifili, ta rubuta satar amsa a gaban sunayensu, ta kuma rufe musu shiga. Ranka ya daɗe, Linda a kan shinkafa ta yi rubutu, Fa'iza a kan tumatir. Ko akuyar da ke ɓarna a gona ta san bambancinsu.

4. Na je wurin malaminsu, Malam Musbahu. Ya tausaya mini ƙwarai, amma ya ce hannunsa a ɗaure yake, domin aikin da manhaja ta rufe ko shi ba ya iya buɗewa. Ofishin shugaban makaranta ya ce in shigar da ƙorafi ta manhajar. Manhajar kuwa ita ce ta rufe mana ƙofa. Har yau babu ɗan Adam ko ɗaya da ya karanta abin da yaran nan suka rubuta.

5. An sanar da ni cewa duk wanda ke da wannan tabo ba zai wuce zuwa ajin ƙarshe ba. Linda ta daina cin abincin kirki, 'yan ajinsu suna kiranta ɓarauniya. Ni da nake kwance inji in ɗaura, na rasa inda zan sa hannu a wannan. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Nawa dai a kan 'yata ya faɗo. Abin yana ci mini rai, ba ni kuma da wanda zan kai wa kuka sai kai.

Saboda haka ina roƙo, cikin ladabi, a sa malami mai ido ya karanta rubutun nan biyu kafin a rufe zango, a goge wannan zargi, a kuma sanar da manhajar cewa a Bunkure waya ɗaya tana iya ɗaukar gida biyu.

A ƙarshe, Malam Baballe bai yi karatun boko ba, ya roƙe ni in haɗa kukansa da nawa. Ke nan wannan takarda ma daga hannu ɗaya ta fito, a madadin gida biyu. Ina roƙo kada ita ma a ba ta sifili.

Allah ya ƙara girma, ya ba da ikon yin adalci.

Naka mai biyayya,
Hananiya Bulus
(mahaifin Linda, kuma a madadin mahaifin Fa'iza)